Tazarar Haihuwa a Zangunan Kurmi: Daga Goyon Ciki zuwa Robar Mahaifa

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala za ta yi tsokaci a kan tarihin tazarar haihuwa tsakanin Hausawan Fatakwal da Anacha da Inugu. Fatauci ne ya kai Hausawa Anacha ta Kogin Kwara. Layin dogon da ya haɗa Fatakwal da ma'adinan kwal na Inugu a 1916 kuwa ya ƙara janyo 'yan tireda da dillalan shanu. Rikicin 1966 da yaƙin basasa (1967-1970) sun watsa zangunan, aka sake kafa su bayan yaƙi.

2.0 Tsohuwar Hanya

A ƙasar Hausa al'ada ce ke tsare mai jego. Mai cikin fari takan tafi goyon ciki gidan iyayenta, ta yi wankan jego na kwana 40, ta shayar har kusan shekara biyu. Wadda ta yi kwanika kuwa ta shiga bakin tsofaffi. A zango gida ya yi nisa, gwaggo da inna ba sa kusa, don haka wannan shinge ya yi rauni.

3.0 Zuwan Roba

An fito da robar Lippes a Amurka a farkon shekarun 1960, aka kuma kafa ƙungiyar tsarin iyali ta Nijeriya a 1964. Robar Dalkon, wadda aka dakatar da sayarwa a 1974 saboda cutar da mata, ta bar tabo. Manufar 1988, mai shawartar mace ta tsaya a 'ya'ya huɗu, ta sa jama'a suka ɗauki abin a matsayin ƙayyade iyali. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna matan aure masu amfani da roba ba su wuce kashi 1 cikin 100 ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a sa roba mai jan ƙarfe cikin awa 48 da haihuwa, ko bayan mako huɗu. Ba ta rage nono, tana kuma aiki shekara 10. Sai dai wadda aka sa nan take ta fi saurin zamewa, kuma ba a sa wa mai zazzaɓin jego.

4.0 Kammalawa

Macen da ta haihu a ɗaki damar farko ta wuce ta. Amma fitar arba'in ta faɗo cikin dama ta biyu. A wannan gaɓa ce ungozoma da asibiti za su iya haɗuwa, muddin an sami yardar mace da mijinta.