Gilashi Mai Jure Wuta da Ratayayyen Bango a Sabbin Benayen Yamai: Nazari daga Unguwar Wadata

Tsakure

Maƙalar ta duba halin da bangon gilashi da alminiyum, wanda ake ratayawa a fuskar bene, yake shiga idan gobara ta tashi, ta kuma auna shi da yanayin Yamai. An dogara ga ƙa'idojin gwajin wuta na ƙasa da ƙasa da kuma wasu manyan gobara da aka yi tun daga 1988. Matsayin maƙalar shi ne cewa a gari mai zafi irin Yamai, gilashi mai jure wuta ya fi amfani a cikin gini, musamman a matakala. Fuskar gini kuwa, abin da zai tsare ta shi ne toshe ratar da ke tsakanin daɓe da gilashi, da barin bango na ƙwarai tsakanin hawa da hawa.

Gabatarwa

Gobara ce ta haifi kasuwar Wadata. Da Babbar Kasuwar Yamai ta ƙone a 1982, a nan aka zaunar da 'yan kasuwar da suka rasa rumfunansu, kuma ko bayan an sake gina Babbar Kasuwar, Wadata ba ta watse ba. Tashar motar da ke unguwar ma ƙara mata jama'a ta yi. Babbar Kasuwa ta sake kamawa a 2009, Ƙaramar Kasuwa ta ƙone a 2012. Duk waɗannan wuta ce mai tafiya a kwance, daga rumfa zuwa rumfa, kuma da irinta mutanen gari da 'yan kwana-kwana suka saba.

Amma gari ya fara tashi sama. Shirin Niamey Nyala da shirye-shiryen taron Tarayyar Afirka na Yulin 2019 sun kawo otel ɗin Radisson Blu da sabunta filin jirgin sama na Diori Hamani, cibiyar taro ta Mahatma Gandhi ta biyo baya a 2020. Manyan ayyuka irin waɗannan suna da injiniyoyi da masu sa ido. Damuwar wannan maƙala tana kan masu kwaikwayonsu: ɗan kasuwar da ya tada bene hawa uku ko huɗu a bakin titi, shaguna a ƙasa, sito da ofis a sama, ya kira mai aikin alminiyum ya lulluɓe masa fuskar ginin da shuɗin gilashi. Sau da yawa kyawun ɗan maciji ne.

Yadda wuta take hawa

Ratayayyen bango ba ya ɗaukar nauyin gini. Ana maƙala shi ne a bakin daɓen kankare na kowane hawa da ƙarafa, ya wuce ta gaban daɓen tun daga ƙasa har sama. Dole a bar rata tsakaninsu, domin daɓe ba ya fitowa daidai, alminiyum kuma yana miƙewa da zafi. Ta wannan rata hayaƙi da harshen wuta suke bi su shiga hawa na gaba ba tare da sun fita waje ba. Hanya ta biyu ta waje ce: gilashi ya fashe, wuta ta fito ta lashi gilashin da ke samanta, shi ma ya fashe, ta koma ciki.

Lissafin lokacin gajere ne ƙwarai. A ma'aunin gwaji na ISO 834, zafin ɗaki yana kai digiri 576 a minti 5, digiri 678 a minti 10, digiri 842 a minti 30. Alminiyum yana narkewa a wajen digiri 660, kuma tun a digiri 300 ya riga ya rasa mafi yawan ƙarfinsa. Gilashin tagogi na yau da kullum kuwa ba sai ya narke ba: da zarar tsakiyarsa ta fi gefensa da ke cikin firam zafi da kimanin digiri 40, sai ya tsage.

An ga hanyoyin biyu a gobarar First Interstate Bank ta Los Anjalas a Mayun 1988, wadda ta tashi a hawa na 12 ta kai na 16. An sake ganin aikin ratar da ba a toshe ba a benen Windsor na Madrid a Fabrairun 2005. Gobarar benen Grenfell ta Landan, wadda ta kashe mutum 72 a Yunin 2017, ta zo da wani darasin daban: fallen alminiyum mai roba a tsakiya da aka rufe ginin da shi ne ya ɗauki wutar. Irin wannan falle, wanda masu sana'a kan kira da sunan samfurin kamfani ɗaya, Alucobond, ko wane ne ya ƙera shi, yana da nau'i mai ci da wuta da nau'in da aka cika da ma'adini, kuma ido ba ya bambanta su bayan an kafa.

Abin da ake nufi da gilashi mai jure wuta

Ƙa'idar Turai EN 13501-2 ta kasa shi uku, kowane da adadin mintin da ya jure a gwaji. Ajin E yana hana wuta da hayaƙi ratsawa, amma zafi yana wucewa. Tsohon gilashi mai waya a ciki nan ya tsaya. Ajin EW yana rage hucin da ke fita, kada ya wuce kilowat 15 a kan murabba'in mita a nisan mita ɗaya. Ajin EI shi ne mai tare zafin kansa: bayan gilashin ba zai ƙaru da fiye da digiri 140 a matsakaici ba, ko 180 a kowane wuri guda. Ana yin sa da falle-falle na gilashi, a tsakaninsu akwai sinadarin silikat mai ɗauke da ruwa, wanda a wajen digiri 120 yake kumbura ya zama farin kumfa mai tauri.

Bambancin ajujuwan ba na takarda ba ne kawai. A sito mai cike da atamfa, katifa da kayan roba, huci kaɗai ya isa ya kunna kayan da ke bayan gilashin ajin E, alhali gilashin yana tsaye bai tsage ba. Akwai kuma wani ruɗani da ya kamata a kawar: gilashin da aka gasa don ya yi ƙarfi, mai farfashewa ƙanana idan ya karye, an yi shi ne don kada ya yanki mutum. Ba ya cikin ajujuwan nan sai in an gwada shi musamman. Haka nan takardar shaidar gwaji ba ta gilashi kaɗai ba ce; ta ƙunshi firam, roba da kusoshin da aka gwada tare da shi. Gilashin EI 60 a firam ɗin alminiyum na kasuwa zai faɗo lafiyarsa lau idan firam ya narke.

Zafin Yamai da tsadar hanya

A nan ne shawarar littattafan Turai take cin karo da ƙasarmu. Sinadarin da ke cikin gilashin EI ba ya son zafi mai ɗorewa ko hasken rana kai tsaye. Masu ƙera shi sukan iyakance zafin da zai zauna a ciki a wajen digiri 50. A Yamai, a Afrilu da Mayu, iska kanta a inuwa tana wuce digiri 40, gilashin da ke fuskantar yamma kuwa ya fi iska zafi nesa ba kusa ba. Idan ba a kare shi da wani gilashin a waje ba, zai iya yin hazo ko ƙuraje tun gobara ba ta zo ba.

Sai nauyi da hanya. Gilashin EI 60 yana da kaurin milimita 23 zuwa 25, murabba'in mitarsa ya haura kilo 50, alhali na milimita 6 kilo 15 ne. Wasu nau'o'insa ba a yanka su a wurin aiki, da awonsu ake odarsu. Nijar ba ta da teku, kuma da aka rufe iyakar Benin a 2023 kaya da yawa sai da suka riƙa zagayowa ta Lome da Burkina Faso. Falle ɗaya ya fashe a hanya, aiki ya tsaya. Abin da aka fi tsoro shi ne a cike gurbinsa da gilashin banza mai kama da shi. Shi ya sa a ganina lulluɓe fuskar bene da wannan gilashi a Wadata kashe kuɗi ne a inda ba zai yi aiki ba.

Inda ya kamata kuɗin ya tafi

Ƙaramin bene yawanci matakala ɗaya gare shi, ratayayyen bango kuma ba kasafai yake da tagar da ake buɗewa ba. Hayaƙi na shiga matakalar, waɗanda ke sama sun rasa mafita. Ƙofa da ɗan bangon gilashi na EI 30 ko EI 60 a bakin matakala, cikin inuwa, a firam ɗin ƙarfe da aka gwada, murabba'in mita kaɗan ne a kowane hawa, kuma suna barin haske ya shiga idan an ɗauke wutar lantarki.

A fuskar gini kuwa, dokar Faransa da injiniyoyinmu da yawa suka karanta tana da ƙa'idar C+D: a haɗa tsawon bangon da ke tsakanin tagar ƙasa da ta sama da faɗin abin da ya turo waje a tsakaninsu, jimlar ta kai kimanin mita ɗaya ko fiye. Bulo da siminti sun isa wannan aiki. Baranda ko rumfar kankare da ta turo waje tana kore harshen wuta daga bango, ita ce kuma take yi wa gilashi inuwa ta rage aikin na'urar sanyaya ɗaki. Gidajen Niamey 2000, waɗanda Mariam Issoufou Kamara da abokan aikinta suka kammala a 2016 da tubalin ƙasa matsattse, sun nuna cewa ginin zamani a Yamai ba lalle sai da fuskar gilashi ba.

Ratar bakin daɓe ita ce mafi arha wajen gyara, ita ce kuma aka fi mantawa. Ana cusa mata audugar dutse, wadda ba ta narkewa sai zafi ya haura digiri 1000, a tallafe ta da fallen ƙarfe da aka kafa a jikin kankare, a rufe samanta da abin da zai hana hayaƙi ratsawa. Soso ko kumfar roba ba su da gurbi a nan. Da zarar an kafa silin an shimfiɗa tayil, babu wanda zai sake ganin wannan wuri. Saboda haka ya kamata hukumar birni mai ba da izinin gini da hukumar kare fararen hula su sa ranar dubawa kafin a rufe silin, hawa-hawa, kuma mai gini ya ajiye takardar shaidar gilashi da ta fallen alminiyum tare da takardun filinsa.