Harawa da ingirici: Yadda shanu ke tsallake rani a yankin Tiga

Da zarar ruwan sama ya ɗauke a watan Oktoba, ciyawa takan daina tsiro a kudancin Jihar Kano, hunturu kuma ya ƙarasa busar da wadda ta rage. Daga nan har faɗuwar damina, wajen Mayu ko Yuni, rayuwar shanu a ƙananan hukumomin Bebeji, Ƙiru, Tudun Wada da Doguwa takan dogara ne ga abin da aka adana tun kaka.

Abin da ake tarawa

Harawa ita ce busasshen ganyen wake ko na gyaɗa, wadda ake ɗaurewa dami-dami a ɗora bisa rufin soro ko a kan bishiya, don kada gara da awaki su ɓata ta. Ta fi sauran cimaka gina jiki, shi ya sa ta fi tsada. Ingirici kuwa ciyawar daji ce da ake yanka a shanya. Akwai kuma karan dawa da karmami, da kowar wake, da dusa, da 'ya'yan gawo waɗanda ke zubowa a tsakiyar rani.

Dalilin da ya sa lokacin yanka ke da muhimmanci

Ciyawar da ta bushe a tsaye takan cika ciki, amma sinadarin gina jiki ya riga ya ragu a cikinta. Saboda haka saniya ke iya wuni tana kiwo, duk da haka ta rame, nono ya janye. Wadda aka yanka da sauran ɗanyenta, aka busar ba tare da ruwa ya taɓa ta ba, ta fi riƙe amfaninta. Saniya mai nauyin kilo 250 tana buƙatar kimanin kilo 6 na busasshen abinci kullum, wato fiye da tan ɗaya cikin wata shida. Mai shanu 20 ke nan sai ya tanadi abin da ya haura tan 20, ko ya saya da tsada a bazara, ko ya kora garke ya nufi kudu.

Matsayin Tiga

An gina madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo. Ruwanta ke ciyar da noman rani a Kura, Bunkure da Garun Malam. Wannan ya samar da mashaya da ragowar amfanin gona, amma fadamun da shanu ke fakewa da rani sun zama gonakin shinkafa, tumatir da alkama. Karan da a da manomi kan bar wa makiyayi a madadin takin shanu, yanzu haja ce ta sayarwa. Nan ne tushen yawancin saɓanin da ke tasowa bayan girbi.

Ɓangaren hukuma

Tun 1965 Jihar Arewa ta kafa dokar keɓe wuraren kiwo. A 2019 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin zamanantar da kiwo na NLTP, a 2024 kuma aka ƙirƙiro Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo. Gwamnatin Abdullahi Ganduje ta ware dajin Ɗansoshiya da ke Ƙiru domin tsugunar da makiyaya, ta kuma gayyace su zuwa dajin Falgore. Shirin KSADP, wanda ya samu kuɗi daga Bankin Musulunci, ya sa noman ciyawa cikin ayyukansa.

Sai dai tun da Binuwai ta haramta kiwon sake a 2017, gwamnonin Kudu kuma suka yanke irin wannan shawara a Asaba a 2021, hanyar tafiya kudu ta ƙara ƙuntata. Ma'aunin kowane alƙawari na tsugunar da makiyaya guda ɗaya ne: tan nawa na harawa da ingirici aka tanada kafin Maris, kuma a hannun wa suke.