Neman Iso: Daga Zaure Zuwa Fom

A ƙasar Hausa ba a afka wa babba kai tsaye. Wanda ya zo ganin Sarkin Kiyawa a Ƙauran Namoda, ko Sarkin Zamfara a Zurmi, sai ya tsaya ƙofar fada ya yi sallama, bafade ya ji daga ina yake da abin da ke tafe da shi, sannan a yi masa iso. Tambayoyin nan biyu su ne dai fom ɗin intanet ke yi wa mai neman ganawa da shugaba a yau, sai dai tsohon tsarin ya riƙe abin da sabon ke yawan saki: aikin mai tsaron ƙofa shi ne nuna wa mutum ƙofar da ta dace da buƙatarsa. Rigimar iyakar gona tana farawa wurin mai unguwa, ta hau zuwa dagaci, sai ta gagara ta kai ga hakimi. Gado da aure na alƙali ne. A Kano har sarauta aka yi wa aikin, domin Sallama na cikin manyan bayin sarki tare da Shamaki da Ɗan Rimi, jakadiya kuma ita ke kai saƙo cikin gida. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903 aka ƙara masinja da tafinta da takardar koke, wanda bai iya boko ba ya koma biyan mai rubutu a bakin ofis. Da layin dogo ya iso Ƙaura a 1929, baƙin 'yan kasuwar gyaɗa da ba su san kowa ba sai suka jingina da mai masauki, kamar yadda baƙo a kasuwar Shinkafi ke bin dillali.

Za a ce zaure yana da son kai, kuma gaskiya ne. Mai uwa a gindin murhu ya shige, talaka ya wuni a rana, wani lokaci sai an miƙa ɗan goro. Fom ba ya cin goro, bai san ɗan wane ba, kuma yana ajiye shaidar wanda ya fara zuwa. Wannan riba ce babba, ban raina ta ba. Amma bafade yana da kunne. Tsohuwar da ta kasa tsara maganarta, yakan gane daga muryarta cewa lamarin na gaggawa ne. Fom kuwa abin da aka tanadar masa kawai yake ji, saboda haka nauyin ya koma kan mai tsara shi: tambayoyi kaɗan, da Hausa, da gurbin wanda matsalarsa ba ta cikin jerin, kuma duk wanda ba a ba lokaci ba a gaya masa ofishin da zai nufa.

Ko an yi duk wannan, kada a rushe zauren. A Satumbar 2021 an katse layukan waya a Zamfara saboda matsalar tsaro, makonni suka shuɗe babu sabis, mai koke a Zurmi da Shinkafi ya koma takawa da ƙafarsa zuwa ƙofar hakimi.