Lambobin matsala a tsohuwar Corvette: yadda ake karanta su da abin da suke nufi

Tun farkon shekarun 1980 kamfanonin ƙera motoci na Amurka suka fara sanya ƙaramar kwamfuta mai kula da injin, wadda makanikai ke kira ƙwaƙwalwar mota. Aikinta shi ne karɓar saƙonni daga na'urorin awo da ke jikin injin, sannan ta ƙayyade yawan man da za a feso da lokacin da fulogi zai ba da wuta. Idan saƙo ya zo mata ba yadda ta zata ba, sai ta adana wata lamba, ta kunna fitilar gargaɗi a gaban direba. Motar tsere ta Chevrolet Corvette ƙirar 1985 zuwa 1989, wadda ake haɗawa a Bowling Green da ke jihar Kentucky da injin L98 mai silinda takwas da lita 5.7, kyakkyawan misali ce na wannan tsohon tsari, domin ana iya karanta lambobinta da ɗan guntun waya kawai.

Yadda ake fito da lambobin

A ƙarƙashin allon gaban direba akwai soket mai ramuka 12 da kamfanin General Motors ya sanya wa suna ALDL. Ramukan A da B suna maƙwabtaka da juna a ƙarshen layin sama. Ana haɗa su da guntun waya yayin da mota take a kashe, sannan a murɗa makulli har fitilun allo su kama, ba tare da an tayar da injin ba. Fankar lagireto na iya fara juyawa a lokacin, don haka a kiyaye hannu daga kusa da ita.

Daga nan fitilar gargaɗin injin za ta fara ƙyaftawa. Ƙyaftawa ɗaya, ɗan tsayawa, sai ƙyaftawa biyu, ita ce lamba 12. Wannan lamba tana nuna cewa kwamfutar ba ta samun saƙon juyawar injin, wanda daidai ne tun da injin a kashe yake, kuma alama ce ta cewa tsarin binciken yana aiki. Takan maimaita 12 sau uku, sannan ta kawo kowace lamba da ke ajiye sau uku, daga ƙarama zuwa babba, har ta koma 12. Idan 12 kaɗai take fitowa, babu lambar da aka adana.

Ma'anar wasu daga cikinsu

Lamba 13 tana nuni ga layin na'urar auna iskar oksijin a cikin hayaƙi. 14 da 15 na na'urar auna zafin ruwan injin ne: ta farko zafi fiye da kima, ta biyu sanyi fiye da kima. 21 da 22 sun shafi na'urar da ke bin buɗewar totur. 32 ta shafi hanyar mayar da wani ɓangare na hayaƙi cikin injin, 33 da 34 kuwa na na'urar auna iskar da ke shiga ne. 44 na nufin iska ta rinjayi mai, 45 kuma mai ya rinjayi iska.

Inda ake yawan yin asara

Lamba tana faɗin layin da kwamfuta ta ga abin da bai dace ba, amma ba ta ambaton kayan da ya lalace. Nan ne kuɗin masu motoci ke salwanta. Wanda ya ga 44 ya garzaya ya sayi sabuwar na'urar oksijin zai iya dawowa ya tarar da fitilar a kunne, domin na'urar gaskiya ta faɗa. Mai yiwuwa tiyon iska ne ya tsage, ko famfon mai ya yi rauni, ko nozil ya toshe. Haka 15 takan fito idan waya ta tsinke ko bakin soket ya yi tsatsa, sai kwamfutar ta karanta sanyi mai tsanani alhali injin yana da zafi. A motar da ta haura shekara talatin, wayoyi da tiyo da wuraren haɗa as su ne abin fara dubawa kafin a zargi wani kaya mai tsada.

Idan lambobi da yawa suka fito tare, littattafan gyara na kamfanin sukan umarci a fara da mafi ƙanƙanta, domin matsala guda na iya haifar da lamba biyu ko uku. Akwai kuma bambanci tsakanin matsala mai ɗorewa, wadda fitila ke tsayawa a kunne saboda ita, da mai zuwa ta tafi, wadda fitilar ke mutuwa amma lambar ta zauna a ajiye. Irin wannan takan goge da kanta bayan an tayar da mota sau 50 ba ta sake aukuwa ba. Cire kan batir na ɗan lokaci yana share lambobin duka, sai dai shara ba gyara ba ce, kuma ya kamata a rubuta su tukuna.

Daga 1996 zuwa yau

Kafin 1996 kowane kamfani da irin soket ɗinsa da lambobinsa. Matsin lambar hukumomin muhalli, musamman a Kalifoniya, ya sa aka wajabta tsarin OBD-II ga motocin da ake sayarwa a Amurka daga ƙirar 1996: soket mai ramuka 16 da lambobi masu harafi ɗaya da alƙaluma huɗu. Harafin P na injin da giya ne, B na jikin mota, C na ƙafafu da birki, U na sadarwa tsakanin kwamfutoci. P0301 na nufin silinda ta ɗaya tana ƙin ƙona mai, P0171 kuma ita ce takwarar tsohuwar 44. Mafi yawan motocin hannu da ake shigo da su Najeriya da Nijar suna da wannan soket, don haka mai saye na iya neman a jona na'urar karatu kafin ya biya. Ya kuma lura ko fitilar gargaɗi tana kamawa idan an murɗa makulli, domin wadda ba ta kamawa ko kaɗan na iya zama an cire ƙwanta ne.

Batun haƙƙin gyara

Samun damar karanta waɗannan bayanai ya zama batun siyasa. A 2012 masu zaɓe a jihar Massachusetts suka amince da dokar da ta tilasta wa kamfanoni bai wa masu motoci da makanikai masu zaman kansu irin bayanan da dillalansu ke samu. A 2020 suka faɗaɗa ta zuwa bayanan da sababbin motoci ke aikawa ta iska, lamarin da ya kai ƙungiyar kamfanonin motoci ga shigar da ƙara a kotun tarayya. Abin da mai Corvette ta 1987 ke samu da guntun waya, mai sabuwar mota sai doka ta tsaya masa kafin ya samu cikakkensa.