Kayan mamaci: abin da ake yi kafin a raba

Duk abin da mamaci ya mallaka, tun daga gida da gona har riga, buta da salula, gado ne. Nan ne rigima ke yawan farawa: bayan sadakar uku ko ta bakwai, sai wani babba a gida ya kwashe tufafin marigayi ya bayar sadaka ba tare da ya tambayi kowa ba. A mazhabar Malikiyya, wadda akasarin Musulmin Nijar ke bi, sai magada sun yarda ake yin haka, kuma babu mai ikon kyautar da rabon maraya.

Abin da ake fara warewa

Ana fitar da abin da ba na mamaci ba ne: ajiyar mutane, kayan aro, da kayan ɗakin matarsa, domin nata ne. Daga nan sai kuɗin likkafani da jana'iza, sai bashi, har da sauran sadaki in bai gama biya ba. Sai wasiyya, wadda ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku, kuma ba a yi wa magaji sai da amincewar sauran. Salula tana buƙatar kulawa, don sau da yawa cikinta ake samun kuɗi da bayanin basussuka.

Yadda ake rabo

Ayoyi na 11, 12 da 176 na Suratun Nisa'i ne tushen rabon. Misali: mutum ya bar jika 800 bayan an biya bashi, da mata ɗaya, 'ya'ya maza 2 da mata 3, iyayensa kuma sun riga shi rasuwa. Matar tana da tumuni, wato jika 100. Kowane namiji jika 200, kowace mace jika 100. Abin da ba ya rabuwa, kamar babur, ana yi masa kuɗi, wani magaji ya saya ko a sayar. In matar tana da ciki, ana jiran haihuwa.

Takardu

Dokar Nijar ta bar sha'anin gado a hannun al'adar mamaci. Ana karɓar takardar shaidar mutuwa a ma'aikatar magajin gari, a yi taron dangi a zaɓi wakilin magada, kotu ta tabbatar. Da waɗannan takardu ne ake neman kuɗin banki ko fansho. Rubuta kayan gaban shaidu tun makon farko yana tsare haƙƙin marayu da zumunci.