Daga Kwaɓa Ƙasa Zuwa Riƙe Alƙalami: Yadda Ake Zama Gwanin Gini

Iyaye da yawa suna ɗauka cewa ranar da yaro ya karɓo takardar kammala karatun zanen gine-gine, ranar ya zama gwani. Tarihin gini a ƙasashenmu bai goyi bayan wannan zato ba. Tun zamanin kakanni har zuwa yau, gwanin gini a bakin aiki ake ƙera shi, a hannun wanda ya riga shi. Ina so in bi wannan tarihi daga Agadas zuwa Arlit, har zuwa nan Assamakka inda nake koyarwa, don mu ga abin da ya rage wa iyaye da malamai su yi.

Mu fara da hasumiyar babban masallacin Agadas. An fara gina ta wajen 1515, aka sake gina ta a 1844, tsawonta ya kai mita 27, kuma da ƙasa aka yi ta. A 2013 hukumar UNESCO ta sanya tsohon garin Agadas cikin wuraren tarihi na duniya. Itatuwan da suka fito daga jikin hasumiyar su ne matakan da magina ke hawa idan za a sabunta yaɓe. Wato wanda ya tsara ginin ya tsara har da yadda za a riƙa gyara shi bayan ransa. Kowane gyara kuwa makaranta ne: babba yana sama, yaro yana ƙasa yana miƙa cura, yana kallo.

Haka tsarin yake a duk ƙasar Hausa. Yaro kan fara da ɗebo ruwa da kwaɓa ƙasa. Daga nan ya koyi yin tubali da jefa shi ga wanda ke kan katanga ba tare da ya fashe ba. Sai an shekara ana ganin hankalinsa kafin a bar shi ya ɗora tubali da kansa. Jera azara, ɗaurin guga da bakan gizo kuwa sai wanda ya daɗe. A birane akwai Sarkin Magina, wanda ke raba aikin fada, yana sasanta rigima tsakanin magini da mai gida. A Zariya har yanzu ana tunawa da Muhammadu Durugu, Babban Gwani, wanda ya gina masallacin Juma'a na birnin a ƙarni na 19, kuma sana'ar ta ci gaba a zuriyarsa. Wannan tsari ba shi da takarda, amma yana da abu uku: matakai, mai sa ido, da wanda za a kama idan soro ya rufta.

Kada a ce wannan labarin da ne kawai. A ƙauyen Yama cikin jihar Tawa, magini Falke Barmu ya fara ginin masallacin Juma'a a 1962 tare da mutanen gari, aka yi ta ƙari a kansa har 1982. A 1986 masallacin ya sami lambar yabo ta Aga Khan, ɗaya daga cikin manyan lambobin zanen gini a duniya.

Ma'adinin yuraniyom ne ya kawo wa arewacin Nijar wani salo dabam. An kafa kamfanin SOMAÏR a 1968, garin Arlit ya tsiro a 1969, aka fara fitar da ma'adini a 1971. Kamfanin COMINAK ya biyo baya a 1974, da garinsa na Akokan. Waɗannan garuruwa a takarda aka fara zana su, aka raba gidaje bisa muƙami: na manyan ma'aikata dabam, na leburori dabam. Dubban mutanen da suka biyo arziki ba su cikin zanen, sai suka yi wa kansu unguwanni a gefe da abin da hannu ya samu. A nan ne mai zane da mai gini suka rabu. Wanda ya zana yana nesa, wanda ya ɗora bulo yana bin umarni, yaron da ke miƙa masa siminti kuma ba shi da matakin da zai hau ya zama gwani.

Arlit ta kuma koya mana cewa ilimin gado kaɗai ba ya isa. Ƙungiyar CRIIRAD ta Faransa da ƙungiyar Greenpeace, wadda ta ziyarci yankin a 2009, sun gano tururin yuraniyom mai cutarwa a wasu titunan Akokan inda aka yi ciko da duwatsun mahaƙa, da kuma jikin wasu ƙarafan da ake sayarwa a kasuwa. Tsohon magini yana gane ƙasa mai kyau da yatsunsa, amma wannan guba ba ta da wari ba ta da launi, sai na'ura da wanda ya yi karatun aiki da ita. Don haka makaranta dole ce. COMINAK ta rufe a watan Maris na 2021, amma gidajen da mutanen suna nan, kuma gyaransu na jiran ƴaƴanmu.

To ina makarantun suke? Ƴan Nijar da dama a Lome ta ƙasar Togo suka yi karatun, a makarantar EAMAU da ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci suka kafa a tsakiyar shekarun 1970. A Najeriya, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka buɗe a 1962, tana da ɗaya daga cikin tsofaffin sassan koyar da zanen gini. Abin lura shi ne dokar zamani ma ta koma ga hikimar Sarkin Magina. Hukumar ARCON da Najeriya ta kafa a 1969 ba ta yi wa mutum rajista da digiri kawai. Sai ya yi aƙalla shekara biyu yana sanin makamar aiki a ƙarƙashin mai rajista, sannan ya ci jarrabawar ƙwarewa. A waɗannan shekaru ne yake koyon abin da allo ba ya koyarwa: lissafin kuɗin aiki, rubuta yarjejeniya, magana da leburori, da iya cewa a'a idan mai gida ya nemi a rage ƙarfe a ginshiƙi.

Misalin haɗa hanyoyin biyu yana Dandaji, a jihar Tawa. Mariam Kamara, wadda ta fara da karatun kwamfuta kafin ta koma zanen gini a Amurka, ita da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili sun mayar da tsohon masallacin garin ɗakin karatu, suka gina sabo da bulon ƙasa da aka matse da inji, aka kammala a 2018. Sun kira tsofaffin magina cikin aikin, kowa ya ƙaru da ɗan'uwansa. Bayan haka ma ita kanta ta yi zaman koyo a hannun David Adjaye, ɗan asalin Gana. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Assamakka na bukatar irin waɗannan matasa. Garin iyaka ne, mai nisan kusan kilomita 200 daga Arlit, kuma dubban baƙin da ake korowa daga Aljeriya suna takowa kilomita 15 cikin rairayi kafin su iso. Ana ta kafa rumfuna da ɗakunan kwano waɗanda ke zama tanda da rana. Wanda zai tsara mana aji mai sanyi ba tare da lantarki ba, sai wanda ya san lissafi ya kuma san iskar Sahara.

Shawarata ga iyaye ita ce, idan ɗanku ko ƴarku ya gama karatu, kada ku matsa masa ya buɗe ofishi ko ya kama kwangila a shekarar farko. Ku taya shi neman maigida nagari, ku tambaya ko ana kai shi wurin gini ko kuwa an ajiye shi gaban kwamfuta kawai. Ku yi haƙuri da ƙaramin albashin shekarun koyo, amma kada ku yarda a mayar da shi ɗan aike. Mu kuma malamai, mu daina tsoratar da yara da cewa wanda ya faɗi jarrabawa zai ƙare a kwaɓa ƙasa. Mu kai su su ga ana gini, su auna ajinsu da igiya su zana shi, mu gayyato maginin gari ya yi musu bayanin dalilin kaurin katanga da ƙanƙantar taga. Yaron da ya girmama magini tun yana firamare ba zai ji kunyar tambayarsa ba ranar da ya dawo da digiri.

Allah ya yi wa ƴaƴanmu albarka, ya haɗa su da iyayen gida na ƙwarai.