ZARE: Wa ke rubuta wasiyyar kwamfuta idan ta mutu?

1/ Shekaranjiya da dare kwamfutata ta mutu sau uku ina tsaka da rubuta aikin kammala digiri. Shuɗin allo, ta kashe kanta, ta sake kunnuwa. Na je neman fayil ɗin da ya kamata ta bari na abin da ya kashe ta, sai na tarar wayam. Haushin abin ne ya sa na bi tarihinsa. Ku biyo ni.

2/ A cikin Windows, Linux ko Android akwai wani sashe da ake kira kanel. Shi ke raba ƙwaƙwalwa, shi ke magana da faifan ajiya. In wata manhaja ta faɗi, kanel ne ke rubuta rahoto. To in kanel ɗin ne da kansa ya faɗi fa, wa zai rubuta?

3/ A shekarun 1950, ƙwaƙwalwar kwamfuta ƙananan zobba ce na maganaɗisu da aka zura wa waya. Kwamfutar Whirlwind ta jami'ar MIT a Amurka ta fara aiki da su a 1953. Ko an ɗauke wuta, zobban ba sa mantuwa. In na'ura ta tsaya, sai a buga abin da ke cikinsu a takarda, lambobi zalla, injiniya ya zauna ya yi ta bi. Daga sunan zobban nan aka samo "core dump".

4/ A shekarun 1970 aka koma ƙwaƙwalwa irin ta yau, wadda da an ɗauke wuta ta manta komai. Dole ke nan a kwafe ta zuwa faifai kafin na'ura ta sake kunnuwa. Matsalar: mai kwafar shi ne majinyacin. Kanel da ya rikice zai iya rubutu a inda bai dace ba, ya lalata maka fayilolinka.

5/ Zuriyar Windows NT, wadda ta fara fita a 1993, dabararta ita ce shiri tun da wuri. Tun tana da lafiya take haddace inda fayil ɗin pagefile yake a faifai. In ta faɗi, can take juye ƙwaƙwalwar. Bayan ta farfaɗo sai ta mayar da shi MEMORY.DMP.

6/ Linux ta fi shan wahala. An gwada LKCD na kamfanin SGI, an gwada netdump da diskdump na Red Hat, amma duk da kanel ɗin da ya faɗi suke aiki. Sai a 2005 kdump ya shigo a Linux 2.6.13: ana ware wani yanki na ƙwaƙwalwa, a ajiye kanel na biyu yana jira. Na farko na faɗuwa, na biyu ya tashi ya kwashe bayanan. Ba a fafe gora ranar tafiya.

7/ Saura tambaya ɗaya: in rubutun ma ya ƙi fa? Faifai ya cika, ko ya daina amsawa? Shi ma sai an bar shaida. A kundin Event Viewer na Windows, lamba 46 daga volmgr na nufin shirin rubutun bai ma kankama ba, 161 kuma an gwada an kasa. A Linux, pstore ya zo a 2011, yana ɓoye saƙonnin ƙarshe na kanel a wurin da ba ya gogewa in na'ura ta sake kunnuwa. Wayoyin Android ma na amfani da shi.

8/ Kar ku ɗauka wasa ne. Ranar 19 ga Yuli 2024, wani sabuntawa na CrowdStrike ya kayar da na'urori kimanin miliyan 8.5 a ƙiyasin Microsoft, jirage suka kasa tashi, asibitoci suka shiga ruɗani. Irin waɗannan fayiloli aka buɗe aka ga sunan csagent.sys ƙarara a wurin faɗuwar.

9/ Tawa kuwa? Na buɗe kundin, ga lamba 46 nan a jere. Ashe ni ne da hannuna na kashe pagefile watannin baya, wai ina neman wurin zuba finafinai. Baiwar Allah ta so barin wasiyya, ni na ƙwace mata takardar.

10/ Na mayar da shi, yanzu jira nake ta sake faɗuwa in kama ɓarawon. Kai ma ka duba taka tun yau, kuma ka ajiye kwafin aikinka a wani wuri dabam. Wanda ya amfana ya tura wa 'yan ajinsu. Allah Ya ba mu sa'ar kammalawa lafiya.